Sí: Kabarin da Rana ke Ziyarta 'Yan Kwanaki a Shekara

A gundumar Meath ta ƙasar Ayilan, inda kogin Boyne ya yi gwiwa, akwai wani tudu da mutane suka tara da hannunsu wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duniya ta san shi da Newgrange, amma a harshen 'yan ƙasa sunansa Sí an Bhrú. Ya girmi dalar Giza ta Masar da ɗaruruwan shekaru.

Kalmar sí, wadda ake furtawa "shi", tana nufin irin wannan tudun kabari. Sai dai a bakin mutanen Ayilan ba matattu ne kawai a ciki ba. Labaransu na gargajiya sun ce wata tsohuwar al'umma, Tuatha Dé Danann, da aka ci ta da yaƙi sai ta shige ƙarƙashin tuddan nan ta zauna. Su ne aos sí, mutanen tudu, kusan abin da Bahaushe zai kira mutanen ɓoye. Shi ya sa manomi yakan kewaye irin wannan wuri da garmarsa, ba ya taɓa ko dutse ɗaya. Wannan tsoron ya kare wuraren tarihi da yawa tun kafin gwamnati ta yi musu doka.

Faɗin Newgrange ya kai mita 85, duwatsu 97 suka kewaye gindinsa. Ciki akwai siririyar hanya mai tsawon mita 19, wadda ke kaiwa ga ɗakin da aka sami ƙasusuwan mutane. Rufin ɗakin duwatsu ne aka jera, kowane ya ɗan leƙo kan na ƙasansa, ba siminti, kuma har yau ba ya yoyo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maganar mutanen ƙauye ta tabbata. Sun daɗe suna cewa akwai lokacin da rana ke shiga kabarin. Farfesa Michael O'Kelly, wanda ya tono wurin daga 1962 zuwa 1975, bai yi watsi da zancensu ba. Ran 21 ga Disamba 1967, a kwanakin da dare ya fi tsawo a can, ya shiga ya zauna cikin duhu tun da asuba. Da rana ta ɓullo, sai haske ya kutso ta wata 'yar taga da ke saman ƙofa, ya bi hanyar a hankali har ya haskaka ɗakin. Bayan minti 17 ko kusa da haka duhu yake dawowa. Manoman da ba su san ƙarfe ba, ba su da rubutu, su suka auna wannan.

Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Ɗakin ƙarami ne, masu son gani kuwa dubbai, don haka sai da ƙuri'a ake zaɓen waɗanda za su shiga a kwanakin da hasken ke zuwa.