Baƙin kalmomin Ingilishi da ke cin kuɗin ƴan kasuwa

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya sayo haja daga ƙasar Sin, kafin ya ga kayansa da ido sai ya fara ganin takarda. Ita kuwa takardar jirgin ruwa, ko da a Lome za a sauke kayan, galibi da Ingilishi take zuwa, bayanta cike da ƙananan rubutu. A cikin rubutun nan akwai kalmomin da ba a koyarwa a lakwal, waɗanda ko Baturen Ingila, in ba sana'arsa ba ce, sai ya buɗe ƙamus. Kowace ɗaya daga cikinsu tana iya taɓa aljihu.

Wadda aka fi sha wa wuya ita ce «demurrage». Ma'anarta kuɗin da ake biya idan jirgi ko kwantena ya wuce kwanakin da aka ba shi kyauta a tashar ruwa. Asalinta tsohon Faransanci ne, daga aikatau ɗin da ya zama «demeurer», wato zama ko daɗewa wuri ɗaya. Abin dariya, su Faransawa ba su riƙe ta ba, «surestaries» suke cewa. Saboda haka ma'aikacin da ya ƙware da Faransanci yana iya ganin kalmar gidansu a takarda, bai gane ta ba, alhali kowace safiya kuɗi na hawa.

Akwai wasu tagwaye na wajen awo, «tare» da «tret». Ta farko tana nan da ranta: nauyin buhu, ganga ko mota da ake cirewa domin a san nauyin kaya zalla. Daga Larabci ta fito, «ɗarh», abin da aka yar. Ta biyu ta mutu, sai a tsofaffin littattafan lissafi. Da can a Landan, bayan an cire nauyin mazubi, akan ƙara yafe wa mai saye laba 4 cikin kowace laba 104 na wasu kayayyaki, saboda ƙura da ɓarnar hanya. Gyara ke nan irin ta kasuwa, sai dai su sun sa mata ƙa'ida.

Amma kalmar da ta fi kowace yaudara ita ce «average». Duk wanda ya taɓa Ingilishi ya san ta da ma'anar matsakaici, abin da ɗalibai ke kira «moyenne». A takardar jirgi ba haka take nufi ba. Can ma'anarta hasara, kuma wannan ita ce ma'anar fari. Ƴar'uwar «avarie» ce ta Faransanci da «avaria» ta Italiyanci, kuma masana da dama suna mayar da su ga kalmar Larabci «awar», aibin da ya sami haja. Tun zamanin Rumawa akwai doka, wadda ake jinginawa ga tsibirin Rodas, cewa idan jirgi ya shiga haɗari har aka zubar da kayan wani cikin teku domin a tsira, to ba mai kayan kaɗai zai ɗauki hasarar ba. Duk wanda dukiyarsa ta tsira, har da mai jirgin, zai biya gwargwadon ƙimar abin da ya tsirar. Daga wannan lissafi na raba hasara ne, a ƙarni na 18, kalmar ta sami ma'anar matsakaici.

Kada mai karatu ya ɗauka tsohon labari ne. Ana kiran tsarin «general average», kuma ƙa'idojin Yok da Anbers, waɗanda suka sami wannan suna a ƙarshen ƙarni na 19 aka kuma sha yi musu gyara, su ne ake bi. A watan Maris na 2021 wani ƙaton jirgi mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwes, ya toshe hanya kwana shida. Masu jirgin suka shelanta «general average». Ma'ana, wanda kwantenarsa ba ta ko jiƙe ba, ba zai karɓe ta ba sai ya ba da lamuni na kasonsa cikin kuɗin ceto. Mai inshora, kamfaninsa ya tsaya masa. Wanda ya yi tsimin kuɗin inshora kuwa, sai ya ajiye tsabar kuɗi. Nan ne mai ƙaramin jari yake karyewa, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Su kansu kayan da suka faɗa teku, Ingilishi ya raba musu suna. «Jetsam» su ne waɗanda aka jefa da gangan domin a rage wa jirgi nauyi, kuma mai jin Faransanci zai ji «jeter» a ciki. «Flotsam» su ne waɗanda ke yawo bisa ruwa bayan jirgi ya nutse, dangin «flotter». Ta ukun ce baƙuwa ƙwarai, «lagan»: kayan da aka nutsar amma aka ɗaura musu alama mai iyo, domin mai su ya dawo ya ɗauka. Duka ukun suna cikin dokar jiragen kasuwanci ta Birtaniya ta 1995.

A watan Janairu na 2007 jama'ar kudancin Ingila suka koyi aikin wannan doka. Jirgin MSC Napoli ya lalace, aka jawo shi gaɓar Debon, kwantenoni suka fito bakin ruwa kusa da ƙauyen Buranskom. Mutane suka yi dafifi, wasu na mirgina ganguna, wasu na tura sababbin babura ƙirar BMW, a zatonsu tsintuwa ce. Hukuma ta tuna musu cewa wanda ya ɗauki irin waɗannan kaya yana da kwana 28 ya sanar da jami'in da ke kula da tarkacen jirage, mai kaya kuma yana da shekara guda ya zo ya nemi abinsa.