Kafin ka ce injin huda bango ya mutu

A Tawa yau, mai kafa farantin sola, da mai ɗaura ƙofar ƙarfe, da mai jan waya a sabon gini, duk ba su rabuwa da injin huda bango. Wani a kasuwa ya saya, wani kuma ɗan ci-rani ne ya zo masa da shi daga Abijan ko Libiya. Da yawan waɗanda ake yasarwa a ce sun mutu da sauran ransu, mai su ne bai san ciwonsu ba.

In inji ya ƙi tashi, kada ka yi saurin kwance shi. Duba wuta tukuna, sannan ka duba wayar, musamman wurin da ta shiga gindin injin, domin nan ta fi karyewa daga ciki alhali fatarta lafiya lau. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, volt 220 ce. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka kuwa galibi na 120 ne, kana jona shi kai tsaye ya ƙone. Karanta rubutun da ke jikinsa kafin ka biya kuɗi. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 mutane da dama suka saba aiki da ƙaramin janareta, kuma in ya yi wa injin kaɗan, ko aka haɗa da doguwar waya siririya, za ka ji injin yana gurnani ba ƙarfi, yana ɗaukar zafi. Wannan ba laifinsa ba ne.

Ciwon da ya fi yawa shi ne na sharbon, ƴan gawayin nan biyu da ke goga jikin abin da ke juyawa a ciki. Cinyewa suke yi a hankali. Alamarsu tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ko inji ya tashi ya tsaya, sai an bubbuga shi ya sake tashi. Zare waya daga wuta, a canza su duka biyun tare, kuma da girmansu daidai. Gyara ne mai araha, amma wanda ya yi ta lallaɓawa har suka ƙare ƙurmus, tagullar da suke gogawa ce za ta lalace, daga nan kuɗin gyara ya kusa na sabo.

Ga kuma ƙura. Tsakanin hunturu da garin siminti, ramukan iskar nan toshewa suke yi, kuma a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, inji mai toshe ba ya jure dogon aiki. A hure shi bayan kowane aiki. In ya yi zafi, a fitar da shi daga rami a bar shi ya juya haka nan na ɗan lokaci, fankarsa ta sanyaya shi. Mai batir kuma kada a bar shi cikin mota a rana, kada a yi cajinsa yana da zafi. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, yana iya kamawa da wuta.

Wani lokaci inji na juyawa amma rami ba ya ci gaba. Abin dariya, sau da yawa maɓallin ne yake kan juyin baya, ko ba a mayar da shi kan alamar guduma ba. In ba haka ba, bakin ne: na ƙarfe ko na katako ba ya cin siminti, na bango yana da ɗan ƙarfe mai tauri a tsininsa. Bakin da ya koma shuɗi ya ƙone, a canza shi. Bugun wannan inji daga wasu faifai biyu masu haƙora yake fitowa, ɗaya na hawa kan ɗaya, saboda haka bugunsa ƙarami ne. Bulo zai huda, amma dutsen Adar irin na wajen Keita da Buza, ko ginshiƙin kankare, aikin babban inji ne mai baki SDS. Danna ƙaramin da ƙirji ba zai sa ya huda su ba, haƙoran kawai kake cinyewa. A bangon laka kuwa kashe gudumar gaba ɗaya, in ba haka ba ramin zai rufta. In ka ji baki ya ci karo da rodi, tsaya ka matsa gefe.

Abin da bai kamata ka taɓa da kanka ba shi ne injin da ke warin ƙuna, ko yake hayaƙi, ko yake jan mutum in an riƙe shi. Kai wa mai gyara. Kada ka huda saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa, nan waya ke bi a cikin bango. Ka rufe hanci da ido, garin siminti yana illa ga huhu. Masu rawani kuma, daga Tawa har Abalak da Cintabaraden, a soke jelarsa a naɗe hannun riga kafin a kunna, domin in baki ya kama zane, naɗe shi yake yi kafin yatsa ya saki maɓalli.