Ciwon gwiwar da ya haifar da gudun kilomita 5,373

Ranar 12 ga Afrilu, 1980, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Terry Fox ya tsoma ƙafarsa ta roba a ruwan Tekun Atlantika a garin St. John's, can ƙarshen gabashin Kanada, sannan ya juya ya fara gudu. Niyyarsa ya ratsa ƙasar baki ɗaya har bakin Tekun Fasifik, yana tara kuɗin binciken maganin ciwon daji.

Abin ya faro ne daga gwiwa. A watan Nuwamban 1976 Fox ya yi hatsarin mota, ya fito lafiya sai ɗan ciwo a gwiwarsa ta dama. Ciwon ya dawo a Disamba, amma da yake ɗan ƙwallon kwando ne, sai ya daure har kakar wasa ta ƙare. A watan Maris na 1977 abin ya gagara, aka kai shi asibiti, likitoci suka gano sankarar ƙashi ce. Aka yanke ƙafar santimita 15 sama da gwiwa, yana da shekara 18.

A nan ya kamata iyaye su tsaya. Fox ya yi imani hatsarin ne ya jawo masa cutar, likitocinsa suka ce babu alaƙa. Abin da yakan faru shi ne, faɗuwa ko buguwa takan sa a lura da wurin da cutar ta riga ta kama, kuma ita ce takan zama uzurin da ake ba ciwon har lokaci ya ƙure. Wannan sankara ta fi kama matasa masu tsawon girma, ta fi zama a ƙasusuwan da ke kewayen gwiwa da kuma ƙashin damtse kusa da kafaɗa. Ciwon yakan zo ya tafi da farko, daga baya ya zauna, yakan tsananta da dare har ya hana barci. Sai kumburi, sai ɗingishi, wani lokaci ƙashin ya karye a kan faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba.

Cutar ba ta da yawa, kuma mafi yawan ciwon gwiwar yara targaɗe ne ko gajiyar wasa. Amma a gidajenmu mai ɗori aka fi fara nema, a ja ƙafar, a shafa magani, a ɗaure. Targaɗe yakan yi sauƙi cikin kwanaki. Ciwon ƙashin da ya shafe makonni yana ƙaruwa, ko yake tayar da yaro daga barci, hoton ƙashi yake buƙata a asibiti, tun kafin kumburin ya girma. An gaya wa Fox cewa damar tsirarsa kashi 50 ce cikin 100, kuma da shekaru biyu baya ne da kashi 15 ce kacal. A yau, inda ake da kayan aiki, wajen mutum 7 cikin 10 na tsira idan cutar ba ta bazu ba, yawancinsu kuma ba a yanke musu ƙafar.

Wannan tsalle daga 15 zuwa 50 shi ya nuna wa Fox abin da bincike ke iya yi. Ya shafe watanni 16 yana karɓar maganin kemo, yana ganin yara da manya suna mutuwa a kusa da shi. Ya kuma karanta labarin Dick Traum, mai ƙafa ɗaya da ya kammala gudun yada-ƙanin-wani na birnin Niyu Yok. Daga nan ya fara atisaye.

Kullum sai ya yi kusan kilomita 42, wato cikakken gudun yada-ƙanin-wani, abokinsa Doug Alward na tuƙa motar da suke kwana a ciki. Ƙafar ba ta gudu ba ce, don haka sai ya yi ɗan tsalle a kan mai lafiyar kafin ya jefa ta robar gaba, dungun yana gogewa har ya yi jini. Makonnin farko kuɗi ba su shigo ba, wasu direbobi ma suna tura shi gefen titi. Amma a Port aux Basques, garin mutum kusan 10,000, aka ba shi sama da dala 10,000. Sai ya ɗaga burinsa: dala ɗaya daga kowane ɗan Kanada, su kuwa miliyan 24 ne a lokacin.

Ranar 1 ga Satumba, 1980, kusa da Thunder Bay a lardin Ontariyo, tari da ciwon ƙirji suka tsayar da shi, bayan kwana 143 da kilomita 5,373. Cutar ta kai huhu. Ya tara dala miliyan 1.7 a kan hanya, kuma cikin mako guda wani gidan talabijin ya tara fiye da miliyan 10 a shirin neman gudummawa. Kafin rasuwarsa ranar 28 ga Yuni, 1981, yana da shekara 22, kuɗin sun haura miliyan 24.

Isadore Sharp, wanda ya kafa otal-otal na Four Seasons, ya rasa ɗansa ta sanadin ciwon daji, shi ne ya yi wa Fox alkawarin za a riƙa gudu da sunansa duk shekara. An yi na farko ranar 13 ga Satumba, 1981. Ba gasa ba ce: babu na ɗaya, babu kofi, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka, mai keken guragu ya tura. Kuɗin da aka tara da sunansa sun zarce dalar Kanada miliyan 850.

Akwai wata 'yar ƙasarsu da labarinta ya fi shafar mata. Sandra Schmirler gwana ce a wasan kalin, wanda ya samo asali daga Sikotilan. Mutum huɗu-huɗu ake yi, a zura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara zuwa tsakiyar wata da'ira, biyu daga ciki suna goge gabansa da tsintsiya don ya yi nisa ya miƙe. Ta ci kofin duniya a 1993 da 1994 da 1997, sannan ta jagoranci Kanada ta lashe zinare a gasar Olamfik ta Nagano a Jafan a 1998.

A 1999 tana ɗauke da cikin 'yarta ta biyu ta yi ta fama da ciwon baya, aka ɗauka na ciki ne, kamar yadda kowa zai ɗauka. Ta haihu, ciwon bai tafi ba, ciwon ciki ya ƙaru a kai. Da aka yi gwaji sai aka ga ƙari a ƙirjinta, a bayan zuciya. Ta rasu ranar 2 ga Maris, 2000, tana da shekara 36, ƙaramar 'yarta ba ta cika shekara ba. Ciwon baya abu ne da mai ciki ta saba da shi, amma wanda ya ƙi lafawa bayan haihuwa ba na ruwan zafi da hutun jego ba ne kawai, a koma asibiti a faɗa wa likita.

A 2001 aka kafa gidauniya da sunanta. Aikinta shi ne saya wa asibitocin Kanada kayan ceton jarirai bakwaini da waɗanda aka haifa cikin matsanancin ciwo, irin su kwalbar renon jarirai da na'urar taimakon numfashi. Babban taron tara kuɗinta kuwa ana yin sa ne duk shekara a lokacin gasar kalin ta mata ta ƙasa, wadda ita kanta ta lashe sau uku.