Hana Ɗalibai Riƙe Waya A Makaranta: Kafin A Kafa Doka, A Tanadi Ma'ajiya

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata na halarci taron iyaye da malamai na makarantar da 'yata take karatu, wata sakandare ce mai zaman kanta ta jeka-ka-dawo. Bisa al'ada irin wannan taro ba ya wuce batun ƙarin kuɗin makaranta da na motar ɗaukar yara, a yi 'yan ƙorafe-ƙorafe, a sha lemo, a watse. To amma a wannan rana sai da aka kai la'asar sakaliya ana muhawara, domin kuwa shugaban makarantar ya sanar da cewa daga zango mai zuwa duk ɗalibin da aka kama da wayar salula a harabar makaranta, za a ƙwace ta, kuma ba zai sake ganin ta ba sai ranar hutu.

Bai gama rufe baki ba wata baiwar Allah ta miƙe daga ɓangaren mata, ta ce: "Malam, ni 'yata tun ƙarfe shida da rabi take barin gida, kuma a-daidaita-sahu biyu take hawa kafin ta iso nan. Idan wani abu ya same ta a hanya, wa zan kira?" Zauren ya ɗauki guna-guni na goyon baya. Can sai wani dattijon malami mai koyar da lissafi ya nemi izini, ya ce: "Hajiya, maganarki tana kan hanya. Sai dai ina so iyaye su san abu guda. Sau da dama idan waya ta yi ƙara ina tsakiyar darasi, na karɓa na duba, sunan da nake gani shi ne Mama ko Abba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida sai na buɗe wayata na bi saƙonnin da ke tsakanina da 'yata. Na tarar da wanda na aika mata wata Talata da ƙarfe 10:20 na safe, ina tambayar ta inda ta ajiye mini wata takarda. Ta ba ni amsa cikin minti guda. Na ɗauko jadawalin darussansu, na ga ashe a daidai wannan lokaci suna ajin kimiyyar sinadarai ne, darasin da na yi ta yi mata faɗa a kan faɗuwarsa. Ni na sayi wayar, ni nake sa mata data, kuma ni ne na shiga ajin ba sallama na janye hankalinta daga allo.

Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin yadda wasu suka yi da wannan matsala, kuma ban ga inda labarin ya fi kama da namu kamar birnin New York na Amurka ba, inda makarantun gwamnati suke ɗauke da ɗalibai kimanin miliyan guda. A shekarar 2006, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, hukumomin birnin suka tsaurara dokar hana shiga makaranta da waya. Dokar ta ce kada a shigo da ita, amma ba ta ce ga inda za a ajiye ta ba, alhali iyaye ba su daina bai wa 'ya'yansu waya saboda hanya ba. Abin da ya biyo baya shi ne, a makarantun da babu bincike a ƙofa, yara suka riƙa cusa wayoyinsu cikin jaka, malamai suka kau da kai. A makarantun da aka girke na'urar binciken ƙarfe kuwa, waɗanda akasarinsu suna unguwannin marasa galihu ne, sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Motoci suka riƙa fakawa a kusa da makarantu, masu shaguna su ma suka shiga, suna karɓar ajiyar waya a kan dala ɗaya kowace rana, wato kimanin dala 180 a shekarar karatu. Doka guda, ɗan mai hali yana karya ta kyauta, ɗan talaka yana biyan haraji kafin ya bi ta.

A shekarar 2015 magajin garin da ya gaje shi, Bill de Blasio, ya soke dokar, yana mai kafa hujja da wannan rashin adalci da kuma buƙatar iyaye ta jin halin da 'ya'yansu suke ciki. Har ma ya amsa da bakinsa cewa ɗansa yana zuwa makaranta da waya. Aka bar wa kowace makaranta ta tsara yadda ta ga dama. Sai dai an yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago, domin wayar 2015 ba irin ta 2006 ba ce. Wadda aka hana da fari ta kira ce da gajeren saƙo, wadda aka buɗe wa ƙofa kuwa tana ɗauke da talabijin da kyamara da gidan wasa da dandalin hira, duk a aljihu guda.

Shekara goma bayan haka, a 2025, Gwamnar Jihar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar da ta hana ɗalibai amfani da wayoyi masu intanet tun daga ƙararrawar shiga har zuwa ta tashi, har da lokacin tara da cin abinci, kuma ta fara aiki a watan Satumba na shekarar. Abin lura shi ne abubuwan da aka haɗa dokar da su a wannan karo. An ware dala miliyan 13.5 don taimaka wa makarantu su samar da wurin ajiya. An wajabta wa kowace makaranta ta buɗe wa iyaye hanyar da za su sami 'ya'yansu idan buƙata ta taso. An keɓe masu larura, kamar yaron da likita ya ce lafiyarsa ta dogara da na'urar, ko wanda yake buƙatar fassara. An kuma bar ƙaramar waya marar intanet. Sai da suka yi kusan shekara ashirin suna kai da komo kafin su gane cewa dokar hani ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, shin hanin ma yana da wani amfani da aka tabbatar, ko kuwa tsoron sabon abu ne irin na manya? A shekarar 2015 wasu masana tattalin arziki biyu, Louis-Philippe Beland da Richard Murphy, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan makarantun sakandare 91 a biranen Landan da Birmingham da Leicester da Manchester na Ingila. Sun gano cewa bayan hana waya sakamakon jarrabawar ɗalibai ya ƙaru da abin da suka kwatanta da ƙarin kwana biyar na karatu a shekara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ribar ta rabu. Ɗalibai masu rauni sun samu kusan ninki biyu na wannan ƙari, haziƙai kuwa kusan babu abin da ya canza a wurinsu. Ashe wanda waya ta fi cuta shi ne yaron da dama da ƙyar yake bin malami, wanda idan bayani ɗaya ya wuce shi, darasin ranar ya tafi ke nan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to balle ga mai raunin haƙori.

Hukumar UNESCO ma, a rahotonta na 2023 a kan fasaha da ilimi, ta yi kira da kada a bar waya a aji sai inda ta tabbata tana taimakon karatu. Ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Faransa ta kafa dokarta a 2018 ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, Sin ta biyo baya a 2021, Holan a 2024, Birazil kuma a farkon 2025.

Amma adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A watan Fabrairun 2025 masu bincike na Jami'ar Birmingham suka wallafa nazarin da suka yi a kan ɗalibai 1,227 a makarantu 30, wasu masu hana waya, wasu masu bari. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ɓangarorin biyu ba ta fuskar kwanciyar hankali ko barci ko sakamakon karatu. Sun lura cewa hanin yana rage amfani da waya a lokacin makaranta, amma idan aka haɗa lissafin yini gaba ɗaya sai a ga kusan duk ɗaya ne, wato abin da yaro ya rasa da safe yana rama shi da dare. Sun kuma tabbatar da cewa yawan daɗewa a kan waya yana tafiya tare da ƙarancin barci da raunin karatu. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, makaranta za ta iya tsare sa'o'inta shida ko bakwai, sauran kuwa suna wuyan iyaye.

Idan muka dawo gida, za mu ga cewa tsoron da Hajiyar nan ta bayyana ya fi na iyayen New York tushe. Wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, inda aka kwashi ɗalibai ɗari-ɗari daga makarantunsu, ba zai yi wa uwa dariya ba don ta ce tana son jin muryar ɗanta. Ko a cikin birni, ranar da aka ce gari ya rikice, kowane uba hankalinsa yana kan hanyar makaranta. Duk shugaban makarantar da ya amsa wannan tsoro da barazanar ƙwace waya, to ya sani ya tura iyaye ne su haɗa baki da 'ya'yansu a ɓoye masa. Alamar hakan ma na riga na gan ta, domin akwai mai cajin waya a kusa da makarantar tamu wanda rumfarsa take cika da wayoyin ɗalibai duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a yi bincike. Motocin New York ke nan suka iso ƙofarmu da wata kama.

Akwai kuma masu cewa zamani ya canza, tunda hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, hana yaro waya tamkar mayar da shi baya ne. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ita kanta JAMB ba ta barin kowa ya shiga ɗakin jarrabawa da waya, haka ma WAEC da NECO. Abin da ɗalibi yake buƙata shi ne ɗakin kwamfuta mai wuta da malamin da ya san aikinsa. Iya latsa TikTok bai taɓa koya wa kowa amsa tambayar lissafi a kan kwamfuta ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a hana, amma a yi hanin da zai ɗore. Yaro ya zo da wayarsa saboda hanya, ya miƙa ta a ƙofa ko ga malamin ajinsa, a rubuta, a kulle a akwati mai lamba, ya karɓi abarsa idan an tashi. Kafinta zai iya ƙera irin wannan akwati da kuɗin da bai kai na lemon taron iyaye ba. Makaranta ta ɗauki alhakin duk wayar da ta ɓata a hannunta, domin ba a karɓar amana a ce babu ruwana. Ta kuma ware layi guda da mutum guda wanda aikinsa ne ɗaukar kiran iyaye, ta riƙe lambar kowane uba da uwa don aika saƙo nan take idan wani abu ya faru. Yaro mai ciwon sikila ko asma ko ciwon suga a duba lamarinsa daban. Hukunci ya zama na gyara, a kira uba ya zo ya karɓi wayar da kansa, maimakon fasa ta da guduma a gaban taron ɗalibai, wanda ba ya koyar da komai sai ɓarnar dukiya da ƙullata. Su ma malamai su sa nasu a aljihu idan sun shiga aji, domin yaro ya fi koyi da abin da ya gani a kan abin da aka gaya masa. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu kuma ya kamata su fitar da ƙa'ida guda a rubuce, kada a bar kowane shugaban makaranta da iyaye suna ja-in-ja a kowane zango.

Mu iyaye kuwa namu aikin ya fi na kowa nauyi, tunda dare a hannunmu yake. Yawancinmu mun gama sakandare kafin wayar tafi-da-gidanka ta shigo Nijeriya a 2001, kuma iyayenmu sun san hanyar ofishin shugaban makaranta idan suna neman mu. Ban ce a koma wancan zamani ba, ba zai ma yiwu ba. Amma tun daga ranar taron nan na yi wa kaina doka biyu: ba na aika wa 'yata saƙo tsakanin ƙarfe takwas da biyu, kuma ƙarfe tara na dare wayarta tana kwana a ɗakin mahaifiyarta. Ta yi fushi na mako guda, har ta tambaye ni me ya sa tawa take kwana a gefen matashina. Ban sami amsar da zan ba ta ba, don haka yanzu wayoyi biyu ne suke kwana a can.

An sa ranar wani taron kafin a koma makaranta, kuma na yi niyyar zuwa da wannan shawara ta akwati da layin kira. Ina fatan Hajiya da malamin lissafi duk za su halarta, domin na tabbata kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya, kuma 'ya'yanmu suna buƙatar duka biyun.