Kafin a yi maka allurar barci

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa raka wani asibiti aka ce sai an yi mishi aiki? A nan Madarunfa, da an ce tiyata sai gaban mutane ya faɗi. Abin da suka fi tsoro shi ne allurar barci. Su ce: in ya yi barci bai farka ba fa?

To, bari mu duba maganar nan tare.

A zamanin da, ido biyu ake yi wa mutum aiki, ana danne shi. A shekarar 1846, a birnin Boston na Amurka, aka nuna wa jama'a maganin sa barci a wajen tiyata. Yau kashi uku ne. Akwai wanda ke sa barci gaba ɗaya. Akwai allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu. Ita aka fi yi wa mace in za a ciro jariri, ko a gyara yoyon fitsari kamar yadda ake yi a Danja tun 2012. Akwai kuma wadda ke kashe ɗan wuri kaɗan, kamar wajen cire haƙori.

Maganin ba maƙiyinka ba ne. Amma jiki kowa da irin nashi. Shi ya sa mai ba da allurar ke yi maka tambayoyi kafin aiki. Ka faɗa mishi gaskiya.

In kana da hawan jini, wato tansiyo, ka faɗi. Maganin barci yana taɓa gudun jini da bugun zuciya. In an sani, sai a daidaita tun da wuri.

In kana da ciwon suga, ka faɗi. Za a hana ka abinci kafin aiki. In ka sha maganinka ba ka ci komi ba, suga na iya sauka ƙwarai, kai kuwa kana barci, ba ka iya cewa komi.

Mai fuka da mai shan taba, huhunsu bai da ƙarfi. Yaro mai tari da majina ma, in aikin ba na gaggawa ba ne, akan jira ya warke.

Mai amosanin jini, wato sikila, sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska suna tayar mishi da ciwo. Wani lokaci sai an ƙara mishi jini tukuna. Haka mai ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro.

In kana shan tramol, ko giya, ko sassaƙe da saiwa, kada kunya ta hana ka faɗi. Likita ba alƙali ba ne. Yana so ne ya san awon da zai ba ka. In wani danginku ya taɓa shan wuya wajen allurar barci, wannan ma ka faɗi, don wani abin gado ne.

Sai maganar abinci. In an ce kada a ci, to kada a ci. Ƙa'ida ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Fura da kunu da koko duk abinci ne. Mai barci na iya yin amai, aman ya shiga huhu, ya kashe shi. Uwa, kada tausayi ya sa ki ba yaro fura a ɓoye. In kuwa an riga an ci, a faɗi lokacin da aka ci.

Kada tsoron allura ya sa ku tsare mai naƙuda a gida. Daɗewa a gida ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba. Ku kai ta likita da wuri, ku tafi da katinta na awo da kwalayen magungunan da take sha.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ita.

Tambayoyi

1. Maganin barci kashi nawa ne?
2. Don me ake hana abinci kafin tiyata?
3. Rubuta cututtuka uku da ya kamata a faɗa wa likita.