Abin da Ya Raba Kawu da Majalisa

Shekara arba'in Kawu bai yi fashin majalisar bayan la'asar ba a Aboabo. Tsohon ɗan goro ne, bakinsa ba ya hutawa. Ko a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Ghana, zangon Kumasi ya cika da kuka da ɗaurin kaya, an ce shi ke ba mutane dariya. Sai ga shi bayan Babbar Sallah ya daina fita. Daga masallaci sai ɗaki. Kokon safe ya huce a gabansa, ƙosai ko taɓawa.

Goggo ce ta fara yanke hukunci: sammu ne, ko iska. Aka kira malami ya yi ruƙiyya kwana uku, aka sha rubutu. Kawu ya gode, ya koma ya kwanta yana kallon rufi. Yayana ya ce kuɗi ne, tunda ɗan Kawu mai shago a Kejetia ciniki ya ja masa baya. Muka bincika, ba a bin Kawu ko sidi ɗaya. Wani mai kemis ya ba da maganin ƙarin jini. Shi ma shiru.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. In na yi masa magana yakan amsa, amma jikokinsa mata sai su gaishe shi sau uku yana kallon bango. Mutumin da ke ɓoye musu alewa a aljihun babbar riga! Na ajiye wannan. Ranar Juma'a a babban masallacin Kumasi, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, na lura yana ruku'u bayan kowa, sai ya saci kallon na kusa da shi tukuna. Na ajiye wannan ma. Rediyonsa kuwa, tun daga bakin lungu ake jin labaran BBC Hausa, mu duka mun ɗauka son labarai ne.

Sai na je wurin amininsa, wanda suke zama benci ɗaya. Da farko ya ce babu komai. Da na matsa, ya ce: “Ɗana, ranar da na gaya masa ƙanena ya rasu a Tamale, murmushi ya yi, ya ce madalla. A gaban jama'a.” Wani ya maimaita wa Kawu abin da aka faɗa a kunne, ya tashi ya ɗauki takalmansa. Bai sake dawowa ba.

Da dare na zauna ta bayansa, na ce a hankali: “Kawu, gobe zan tafi Makka.” Ko motsi. Na zagayo gabansa na maimaita, ya ce: “Da wane kuɗin?”

A sashen kunne na asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka sa masa abin saurare a kai, ana kunna sauti yana ɗaga hannu. Likitar ta ce jin tsufa daga siraran sautuka yake fara tafiya, shi ya sa muryar yara da mata ke ɓace masa kafin ta maza, kuma wuri mai hayaniya irin majalisa ya fi ko'ina wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura 60, fiye da kashi 25 cikin 100 na da raunin ji mai naƙasarwa. Likitar ta ƙara da cewa wanda kunya ta killace a ɗaki, baƙin ciki na biyo baya, barci da cin abinci su lalace. A ganina mun yi sa'a. Da mun daɗe muna turare, da ciwon damuwa ya zauna masa sosai.

Shekara biyu, in ji Kawu, yana gyaɗa kai yana dariya a inda ya ga ana dariya. Ya fi son a ce masa mai girman kai da a ce kurma.

Na'urar ƙara ji ta yi tsada, sai da muka yi karo-karo. Ranar da ya sa ta, bai nufi majalisa ba. Gidan amininsa ya ce in kai shi, ya yi ta'aziyyar da ta makara wata huɗu. Amininsa ya ce: “Allah ya ba da lada.” Kawu ya ce: “Rage murya, Alhaji, ina ji.”