Tsohuwar Kyamarar Fim: A Gyara Ko A Sauya?

Kafin wayar hannu ta karɓe sana'ar, da kyamarar fim masu hoto a Madawa, Buza da Keita suke ɗaukar hoton salla, na biki da na katin ɗan ƙasa. Wasu daga cikin kyamarorin nan suna ajiye har yau a akwatuna, sun cije ko batir ya ci su. Shawarar gyara ko sauyawa ta rataya ne a kan abu uku: irin kyamarar, irin lalacewar, da samuwar fim.

Kyamarorin fim kashi biyu ne. Akwai masu aiki da ƙarfe da sifirin, kamar Pentax K1000 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, da Yashica FX-3, da Nikon FM2, da Zenit ta Tarayyar Sobiyet. Waɗannan ba sa buƙatar batir don ɗaukar hoto, iyakarsa a wasunsu ya kunna ma'aunin haske. Kashi na biyu su ne masu dogaro da lantarki, kamar Canon AE-1 ta 1976 da ƙananan kyamarorin roba na shekarun 1990. Na farko sun fi karɓar gyara, domin ana iya kwance su, a goge, a sa mai, a mayar. Na biyu kuwa, idan allon lantarkinsu ya mutu, sai an samo wata kyamara irinsu an ciro nata, tunda kamfanonin sun daina ƙera kayan gyaransu.

Yanayin jihar Tawa, inda garuruwan nan suke, yana da hannu a yawancin lalacewar. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoran ƙarfen, ta haɗu da tsohon mai, sai sandar naɗe fim ta yi tauri. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana busar da man, yana kuma ruɓar da baƙin soson da ke bakin murfin baya. Da zarar soson ya ruɓe, haske ya riƙa satar hanya, hoto ya fito da jan tabo. Wannan da tsatsar mazaunin batir su ne mafi sauƙin gyara. Danshin damina kuma yana haifar da fumfuna a cikin gilashi. Idan sabuwa ce, tana goguwa. Idan ta ci fuskar gilashin, sai a sake gilashi a bar gangar jikin. Lalacewar da ta fi tsada ita ce ta labulen da ke buɗewa ya rufe don shigar da haske. Yagewarsa ko lanƙwashewarsa aikin ƙwararre ne. Ba a tilasta wa sandar da ta cije, ba a kuma ɗura mata man keken ɗinki, domin yana malala zuwa labulen da gilashin.

Sauyawa ma ba tsira ba ce kai tsaye. Sababbin kyamarorin fim 'yan kaɗan ne: Nikon ta daina F6 a 2020, Leica ta dawo da M6 a 2022 da tsada mai yawa, Pentax ta fitar da Pentax 17 a 2024. Saboda haka, mai sauyawa yawanci wata tsohuwar zai saya, mai shekaru irin na tasa, wadda bai san ciwonta ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa, haka ma mai sayarwa ba ya faɗin aibin hajarsa. Sai an buɗe bayanta, an gwada kowane mataki na saurin labulen, an haska gilashin da tocila.

Abu na uku shi ne fim. Kodak da Ilford suna ci gaba da yin sa, amma ɗakunan wanke shi sun yi ƙaranci ƙwarai a yankin, kuma zafi yana lalata fim ɗin da ba a adana a sanyi ba. Wanda bai tabbatar da inda zai saya da inda zai wanke ba, kuɗin gyaransa a banza suke.

Kyamarar ƙarfe mai lafiyayyen labule ta cancanci gyara, musamman idan ta gado ce. Ta roba mai mataccen lantarki, sauya ta ya fi arha. Wadda ta ƙi gyaruwa kuma a cire mata batir, a ajiye ta a busasshen wuri, domin sassanta suna iya tayar da wata.